Onisimo, Taubashina da Ya Busa Davui Don In Yi Kuka

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na wannan shekara ta 2025, da hantsi, ina bakin rafi ina wanke gwaza, sai ga ɗanka Ilaitia ya zo ya durƙusa kusa da ni. Bai gaishe ni ba. Magidanci mai 'ya'ya uku, amma ya kasa ɗaga ido, sai murza gefen zanensa yake yi. Na ce, "Kai, lafiya?" Ya ce, "Inna, Baba ya tafi." Wai ka dawo daga sujadar safe, ka zauna a inuwar kwale-kwalenka kana gyaran taru, ka ce wa matarka Torika ta miƙo maka shayi. Kafin ta kawo, Ubangiji ya riga ya kira ka. Shekarunka saba'in da ɗaya. Na saki gwazar, ruwa ya tafi da ita, na zauna daɓas cikin laka na yi kuka har mata suka fito daga gidajensu. Da ƙarfi na yi shi, Simo, ban ji kunyar kowa ba.

Onisimo ne sunanka, amma ban tuna ranar da na kira ka da shi cikakke ba. Kai ɗan wan mahaifiyata ne, taubashina, saboda haka tun muna yara bakina ya halatta a kanka, naka ma ya halatta a kaina. Ni ina ce maka Kumatu, saboda yadda fuskarka ke kumbura in kana busa. Kai kuwa kana ce mini Gimbiya, don ubana ne sarkin ƙauyenmu na Nabuleka a nan tsibirin Kadavu. Da na zama ma'aikaciyar jinya sai ka ƙara mini sarauta, na koma Gimbiya Mai Allura. Ni Miliakere ba a gaya mini magana in ƙyale, kowa ya shaida, amma kai ban taɓa cin ka da baki ba.

Ba don in jera kyawawan halayenka kaɗai na ɗauki alƙalami ba. Shekara ashirin ke nan ana kiranka "wanda ya binne sarki da rai," a bayan ido, wani lokacin ma a gaban ido. An karɓe gadon gidanku, an mai da kai abin dariya a wurin shan yangona, jiƙon saiwar nan da maza ke taruwa su sha. Garin nan duka sun ɗauka shirme ne ya sa ka yi abin da ka yi. Ni na san dalili, domin saboda ni ka yi, na kuwa ja bakina na yi shiru. Ka tafi da sunan da ba naka ba, kuma ba zan bari ya bi 'ya'yanka da jikokinka ba.

Bari dai in fara da abin da ba mai musunsa. In ka dawo daga teku, gidanka ne na ƙarshe da kifi ke shiga. Sai ka bi gidajen matan da mazansu suka rasu kana rataye musu a ƙofa, ba sallama, ba jiran godiya. Torika ta sha tsayawa da tukunya a kan wuta, madarar kwakwa na tafasa, kai kuwa ka shigo da ƙananan guda biyu kana cewa, "Yau teku ta yi rowa." Ita kuma ta ce, "Teku ko kai?" A coci muryarka ce ke riƙe ƙasan waƙa, ko da yake kullum kana riga mawaƙa da rabin baiti, kamar mai sauri ya je duba taru. Ban manta ranar da ka saka mini ƙaguwa mai rai cikin jakar aiki ba. Na zura hannu in ɗauko auduga a gaban majinyaci, ta kama mini yatsa, na yi ihun da ya sa mutumin ya manta da ciwon haƙorinsa. Da na same ka, ka rantse wai ƙaguwar ce ta zo neman magani da ƙafarta.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce mahaifina ya rasu. Ina aiki a Suva, babban birnin ƙasarmu, lokacin. Na shiga jirgin ruwa, na wuni ina riƙe kaina, ina cewa bari in isa gida tukuna. Tun daga nesa na jiyo davui, ƙatuwar katantanwar tekun nan da gidanku ke busawa tun kaka da kakanni. Na san dokar sarai, a cikinta aka haife ni: in sarki ya rasu ba a kuka, davui ce ke yi a madadin kowa, ba tsayawa, har sai an rufe shi. Amma sani dabam, zuciya dabam. Ina sa ƙafa cikin ruwan gaɓa sai na kwarma ihu, "Wayyo Baba!" Tsoho Apakuki, shugaban masu gadin gawa, fuskarsa baƙi ƙirin da gawayi, ya tare ni da kulki a gicciye. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Haɗiye shi. Ke 'yar sarki ce. In kin yi, wa za mu hana?" Jama'a maƙil a gaɓa, kowa ya sunkuyar da kai don kunyar abin da na yi. Na haɗiye shi kamar lomar rogo mai zafi, na ji ya tsaya mini a ƙirji.

Kwana huɗu na yi zaune a kan tabarmi kusa da gawarsa, idona ƙamas. Kai da 'yan gidanku kuna waje kuna karɓa-karɓa, kai ne babba a cikinsu. A rana ta uku da safe, kana cikin busa, sai muryar davui ta karye, ta yi wani irin gurnani mai ban kunya, sannan ta dawo daidai. Dattawa suka kalli juna. Bayan an rufe shi aka ce to, yanzu mai kuka ya yi. Gari ya ɗauka gaba ɗaya, mata na faɗuwa, maza na jingina da bango. Ni ma na buɗe baki. Ba abin da ya fito. Na matsa, na tuna fuskarsa, na tuna hannunsa a kaina, ko ɗigo. Da na rasa inda zan sauke, sai na sauke a kanka. Na ce, "Kumatu, ka kunyata ubana. Wannan busa ce ko akuya ce ta shaƙe?" Ka yi dariya ka ce, "Akuyar ma ta yi ƙoƙari, Gimbiya." Na daɗe ina yi maka gori da wannan.

Na bar Suva na dawo gida na riƙe ɗakin shan magani na ƙauye. Yayana Ratu Josateki ya gaji sarauta. A ido komai lafiya, amma ni na san ba lafiya ba. Abinci ya daina yi mini daɗi. Kaina na sarawa kullum, ƙirjina kamar an ɗaure da igiya. Na auna kaina da duk abin da na iya aunawa, ban ga komai ba. A coci in aka ɗauki waƙa sai dai in motsa leɓe. Addu'a kuwa ina yi, amma kamar mai karanta sunayen magunguna. Mijina, malamin makaranta mai haƙuri, ya koma tafiya a gidansa da sanɗa. Abin da ya fi muni shi ne, abin da na kasa yi sai na mai da shi zunubi. Aka zaɓe ni shugabar zumuntar mata, na shiga koya wa mata cewa mai bi na gaskiya ba ya kuka a kan mamaci, tunda akwai tashin matattu. Hawaye ƙarancin bangaskiya ne. In na shiga gidan makoki sai mata su shiga goge fuska da sauri, kamar yara sun ga shugaban makaranta. Ni kuwa ina ganin aikin Allah nake yi.

Shekara biyu ina haka. Sai zazzaɓi ya kama autarku Sainimere, 'yar shekara shida, mai wushirya, wadda take bi na ɗakin magani tana roƙon kwalaben da ba komai a ciki. Kwana uku kacal. A hannuna ta cika. Torika ta faɗi ƙasa tana birgima tana kiran sunanta. Allah ya gafarta mini, ni na kama kafaɗarta na ce, "Haba Torika, tashi ki share fuskarki. Kina yi kamar wadda ba ta san Yesu ba." Ta yi tsit nan take. Ta zauna tana haɗiyar zuciya. Kana tsaye a bakin ƙofa. Ka tsura mini ido. Na ɗauka fushi ne, na kuma shirya amsar da zan ba ka in ka tanka.

Bayan an yi kwana goma, da safe, ka leƙo ɗakin magani.

"Gimbiya, ɗauko jakarki. Akwai marar lafiya a bayan tsibiri."

"Wa?"

"Wata tsohuwa ce mai taurin kai. Ta ƙi magani."

Na shiga kwale-kwale ina mita. Muka wuce duwatsun da suka kewaye tsibirin, muka fita sarari har ƙauye ya ɓace, sai ka kashe inji. Ba gida, ba gaɓa, sai ruwa. Na ce, "To, ina majinyaciyar?" Ka ce, "Ga ta nan zaune, ta rungume jaka kamar za a ƙwace." Na ce, "Kumatu, ka mai da ni gida tun ban tsira maka allurar shanu ba." Ba ka yi dariya ba. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na zolaye ka ba ka rama ba.

Ka ce, "Shekara biyu kina yi mini gorin akuya. Kin san abin da ya karya busar nan? Mai kuka ba ya iya busa, leɓensa ke rawa. Na tuna ranar da teku ta ci ubana, ina ɗan shekara tara, babanki ne ya ɗauke ni a kafaɗa ya yi ta yawo da ni a gaɓa har na yi barci. Kuka ya zo mini, na zuba shi cikin katantanwa, ba wanda ya gani. Ni na sami wurin zuba nawa. Ke aka tare ki da kulki."

Na ɗaure fuska na fara karanto maka abin da nake koya wa mata. Ka bari na kai aya, sannan ka ce, "Kin fi ni karatu, ni aji uku na tsaya. Amma gaya mini, da Yesu ya tsaya a bakin kabarin abokinsa Li'azaru, bai san zai tashe shi ba?" Na ce ya sani mana. Ka ce, "Yawwa. Saura ƙiris ya kira shi ya fito da ƙafarsa, amma sai da ya tsaya ya yi kuka a gaban mutane. To shi da ya san ƙarshen labarin ya yi kuka, ke wace ce? Kin fi shi bangaskiya ne? Ba a ce kada mu yi baƙin ciki ba, Mili. An ce kada mu yi irin na waɗanda ba su da bege. Ni ina da bege zan ga Sainimere. Amma yau da safe na ga takalminta ɗaya a bayan ƙofa."

Sai ka ɗaga taru ka jawo buhu, ka fito da davui. Na ce, "Ka haukace? Yayana na nan da ransa!" Ka lashi yatsa ka ɗaga sama ka ce, "Iska waje take kaɗawa. Ba mai ji sai kifi, su kuwa ba su da sarki." Ka cika kumatu ka busa, irin busar nan doguwa ta kwanakin mahaifina. Ta farko na dafe ƙirji. Ta biyu na ji ƙamshin man kwakwar da aka shafe shi da shi. A ta uku muryar ta karye, daidai yadda ta karye a wancan karon. Na ɗaga kai na ga hawaye na bin kumatunka, kana ƙoƙarin ci gaba, leɓenka ya ƙi.

Abin da ya ɓalle ni ke nan. Ban san daga ina muryar ta fito ba, ban ma gane tawa ce ba. Na kira Baba, na kira shi da sunayen da nake kiransa ina ƙarama, na yi masa faɗa don bai jira ni ba, na nemi gafararsa don na daɗe ban zo gida ba. Na yi wa Sainimere, na yi wa Torika, na yi wa kaina. Majina da hawaye, ba sarauta, ba aikin jinya. Kai kana can ƙarshen kwale-kwale kana naka, in ka sami numfashi ka sake busawa. Ba ka ce mini yi haƙuri ba, ba ka ce ya isa ba. Har rana ta take tsaka muna haka. Da na lafa, sai na ja numfashi ya sauka har ciki, abin da na shekara biyu ban yi ba. Na ji yunwa. Ka kwance ganye ka miƙo mini dafaffen rogo mai sanyi da gasasshen kifi, na cinye nawa na ci rabin naka. Ka ce, "Majinyaciyar nan za ta tashi, amma za ta talauta ni." Na yi dariya, kuka ya sake biyo dariyar, ka bar ni na yi.

Ashe tun muna can iska ta juya, ba mu lura ba. Da muka doso gida na ce ka sauke ni a bakin rafi, bayan itatuwa, don idanuna sun kumbura, ba na so a gan ni. Na bi ta baya na shigo gari, na tarar da shi tsit. An kashe wutar girki. Mata na zaune a ƙofofi sun cusa gefen zane a baki suna danne kuka. Samarin gadi sun fara shafa gawayi a fuska. An ji davui daga teku, an duba gidan sarki ba ya nan, aka ce shi ke nan, ya fita kamun kifi ruwa ya ci shi. Har an aika mutum ƙauyen da ke kusa. Sai da la'asar ta yi sannan ga yayana ya gangaro daga gonarsa ta kan tudu, saɓe da damin gwaza. Wata tsohuwa ta gan shi ta zubar da tulu ta ruga, tsoho Apakuki kuwa ya zauna ƙasa bai shirya ba. Yau ana ba da labarin ana dariya. A ranar ba wanda ya yi.

Washegari aka tara dattawa a zauren gari. Ka shigo da rarrafe riƙe da saiwar yangona ta ban-haƙuri. Ina zaune a baya cikin mata. Yayana ya tambaye ka, fuskarsa a murtuke, me ya sa ka busa masa mutuwa yana raye. Ka ce, "Ranka ya daɗe, na daɗe ban busa ba, na ce bari in gwada ko ta toshe." Zaure ya ɗauki tsaki. Na motsa zan tashi, ka waiwayo kaɗan ka girgiza mini kai. Na koma na zauna. Aka yanke cewa a karɓe davui daga gidanku a ba wani gida, abin da ba a taɓa yi ba tun kafuwar garin. Na ga lokacin da aka fito da ita daga ɗakinka. Ilaitia, yana saurayi a lokacin, wanda ka fara koya wa busa, ya juya baya ya shige daji.

Me ya hana ni magana? Zan faɗa ba kwaskwarima. Tsoro ne da girman kai. Matar aure, ƙanwar sarki, shugabar zumuntar mata, a ce ta wuni a teku ita kaɗai da taubashinta, kuma saboda ita aka karya doka? Na san bakin mutanenmu. Sau uku cikin shekarun nan na same ka na ce zan je in faɗa. Kullum sai ka ce, "A bar kaza cikin gashinta, Gimbiya. Ni na busa, ba ke ba. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka." Ni kuwa in yi kamar na ji haushi, alhali a zuciyata daɗi nake ji ka hana ni. Ina gani ana ce maka a wurin shan yangona, "Simo, yau wa za ka binne mana?" Kana dariya tare da su kana cewa, "Wanda ya ƙi miƙo mini ƙoƙo." Amma na ga yadda kake sunkuyar da kai in an busa davui a makokin wani basarake ba da bakinka ba.

Abin da kukan nan ya yi mini kuwa, kai ne shaida. A makon nan na je wurin Torika, na durƙusa na ce ta yafe mini maganar da na gaya mata. Sai ta rungume ni, muka yi wa Sainimere kukan da na katse mata, tun safe har aka buga gangar coci. Ranar Lahadi na buɗe baki waƙa ta fito. Ciwon kai ya tafi, mijina ya daina sanɗa. Na tsaya gaban matan zumunta na ce na koya musu ba daidai ba. Tun daga lokacin, in aka yi rasuwa ni ake fara kira, ba don allura ba. Ina zuwa in zauna kusa da mai makoki in riƙe hannunta, in ta yi in taya ta, in ya ƙi fitowa in jira tare da ita. Na ga mata da yawa sun tashi daga tabarmar makoki sun koma gona da wannan kaɗai. Kuka bai taɓa dawo da wanda ya tafi ba, amma yana dawo da wanda aka bari. Kuma ban taɓa jin kusanci da Ubangiji kamar a cikinsa ba, domin a nan ne mutum ba ya iya yi masa ado da baki. Kowa na cewa Mili ta canja. Ba wanda ya san wa ya biya.

Ranar da aka cika kwana huɗu da rufe ka, bakwai da rasuwarka, da rana, jama'a suka taru a zauren gari. Na sa baƙaƙen kayana, na ɗauki saiwar yangona, na shiga da rarrafe a kan gwiwoyin nan nawa da suka tsufa, daga ƙofa har gaban yayana. Mata ba sa yin haka, na ji ana ƙus-ƙus. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗi komai, tun daga kulkin Apakuki har zuwa bakin rafi, ban rage ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin da kuka hukunta likitana ne. Ni ce mai laifin shiru. In akwai hukunci, ga ni. Amma a wanke sunansa."

Yayana ya haura tamanin yanzu, idonsa ya yi rauni. Da ya buɗe baki, ba da muryar sarauta ya yi ba. Ya ce, "Mili, kin san abin da ya sa na daɗe a gona ranar nan? Na ji busar. Tun ta farko na gane ta, ta Baba ce. Ni ma ai ban yi nawa ba, daga binne shi aka ɗora mini gari. Na ajiye adda na zauna cikin gwaza na yi kuka kamar yaro, tun hantsi har la'asar. Ban taɓa jin sauƙi irin na ranar ba. Da na sauko na ga gari a hargitse, dattawa na jiran in yi fushi, sai na yi fushi, don kada a dubi idona." Ya tsaya, leɓensa na rawa. "Ya warkar da ni, na ƙwace masa gadon ubansa. Shekara ashirin yana rataye mini kifi a ƙofa, ban taɓa ce masa na gode ba."

Sai sarkin Nabuleka ya fashe da kuka a gaban jama'arsa, bai rufe fuska ba. Ba wanda ya taɓa ganin haka. Dattawan da suka yi maka tsaki suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na girgiza. Ya sa aka je aka ɗauko davui, ya kira Ilaitia, ya ɗora masa ita a hannu da hannunsa biyu. Ya ce, "Ta koma gidanta. Ranar da tawa ta zo, kai za ka busa mini. In ta karye maka, kada ka ji kunya." Torika na gefena. Ta matse hannuna ta ce a hankali, "Da ma yana nan ya ji." Kwana bakwai kacal muka makara, Simo, bayan shekara ashirin.

Ka yafe mini, ɗan kawuna. Na san ka yafe tun kafin in roƙa, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo. Ina kewarka ƙwarai. Ba wanda ya rage a garin nan da zai ce mini tsohuwa mai taurin kai in ƙyale shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Torika, wadda ta ɗauki rabin nauyin nan ba ta taɓa nuna mini a fuska ba. Ga Ilaitia da ƙannensa da 'ya'yansu. Ga mawaƙan cocinmu. Da matan da za su buɗe ƙofa da safe su tarar ba kifi a rataye. Ubangiji Yesu, wanda ya tsaya a bakin kabari ya yi kuka, ya tsaya tare da ku. Ya yi wa bawansa Onisimo jinƙai, ya gafarta masa kurakuransa, ya karɓe shi cikin hutunsa, ya sada shi da Sainimere. Mu da muka ci amanarsa da shirunmu, ya yi mana gafara. Ya share mana hawaye a ranar da ya alkawarta. Kafin ranar ta zo, ya bar mu mu yi kukanmu. Amin.